Farin Yashin Kabari

Shekara arba'in da ɗoriya Baba Mai Diga yana haƙa kabari a maƙabartar da ke bayan gari, kuma a duk tsawon shekarun nan ƙarya ɗaya tak ya taɓa yi a kan aikinsa. Matarsa Inna ya yi wa ita. Ƙaryar tana nan ajiye cikin wani gwangwanin maɓallai, a kan teburin keken ɗinkin Inna, inda idonsa ke faɗawa kullum idan ya shigo ɗaki.

Ƙasar maƙabartar baƙa ce mai danƙo, irin wadda ke kama bakin shebur ta ƙi saki. Amma idan ka haƙa ka kai ƙugu, sai ka ji diga ta canza murya. Maimakon dim, sai ta ce cas. Ka share da hannu, sai ga farin yashi tas, shimfiɗe kamar wani ya zuba shi ya daidaita. Daga nan zuwa bakin teku kuwa tafiyar rabin awa ce a ƙafa, sai ka ratsa gonaki da makaranta da layuka uku na gidaje, saboda haka ba wanda ya taɓa haɗa wannan da wancan. Mahaifin Mai Diga, wanda ya koya masa aikin, cewa ya yi shimfiɗa ce. Rahama ce aka riga aka tanadar wa mai wurin tun kafin ya zo. Idan an kai gare ta sai a tsaya, a gyara, a kwantar da mamaci a kai.

Tunda mata ba sa bin gawa, sai ya zamana bayan an rufe kabari Mai Diga yakan ɗebi cikin hannu ɗaya na yashin, ya biya ta gidan rasuwa ya miƙa wa uwa ko matar mamaci. Ba ya cewa komai. Su ma ba sa tambaya. Sai dai ka ga kafaɗar mace ta sauka, kukan ya koma na hawaye kawai. Liman ya faɗa sau biyu, har da ɗaga murya, cewa wannan abu ba shi da tushe ko kaɗan. Mutane suka gyaɗa kai, suka ce gaskiya ne Malam, washegari kuma suka ci gaba da miƙa hannu. Ai kun san mutane.

Ɗansu na fari makanikin injin kwalekwale ne, kowa Sifana yake ce masa, don ko ɗaurin aure zai je da sifana a aljihun rigarsa. Hannunsa na da albarka, bakinsa kuwa sai addu'a. Yana sha, yana faɗa, ya taɓa kwana uku a hannun 'yan sanda kan ya jefa wani mai jirgi cikin ruwa. Amma keken ɗinkin uwarsa bai taɓa yini a lalace ba. Zai zo ko da yana tangaɗi, ya zauna a ƙasa, ya kwance, ya ɗaure, yana wani ɗan fito siriri ta tsakanin haƙora duk lokacin da yake matse noti. Hanta ce ta kashe shi yana da shekara talatin da biyu, a tsakiyar wata damina da ba a taɓa ganin irinta ba.

Ran nan ruwa ya cika ƙasan maƙabarta. Wuri uku suka gwada, Mai Diga da abokin aikinsa, wani ɗan tsurut ɗin tsoho da ake tsokana da Ƙato, ko'ina suka sara sai ruwa ya ɓuɓɓugo. Dole suka hau ɗan tudun da ke can ƙarshe, jikin katanga, inda ba a taɓa binne kowa ba. Mai Diga ya ce shi zai haƙa wa ɗansa da kansa. Ya kai ƙugu, diga ba ta canza murya ba. Ya kai ƙirji, baƙar ƙasa ta koma ja mai tsakuwa. Ya ci gaba har sai da bakin ramin ya zo masa wuya, yana sara yana share ƙasa da yatsu, farcensa na zubar da jini.

“Yaya, ya isa haka,” in ji Ƙato daga sama, murya ƙasa-ƙasa. “Ga su can sun taho da shi.”

Masu rakiya suka zo, suka dubi tarin ƙasar da ke gefen rami, ba ɗigon fari ko ɗaya. Idanu kaɗai suka gama magana. Bayan an watse, Mai Diga bai nufi gida ba. Ya bi ta bayan gonaki, ya sauka bakin teku. Yashin gaɓa ya yi datti da sharar da ruwan sama ya kwaso, sai ya shiga cikin ruwa har gwiwa, ya duƙa ya ɗebo mai tsabta, ya matse shi a tafin hannu. Da ya isa gida ya tarar da Inna zaune cikin mata. Ya miƙa mata. Ta karɓa da hannu biyu, ta ce alhamdulillahi, ta juye maɓallan da ke cikin gwangwani a kan tabarma, ta zuba yashin a ciki.

Shekara tara ke nan. Da damina ta wuce aka koma binne mutane a ƙasa, kuma ba wanda ya so a kai nasa kusa da Sifana. Shi ma Mai Diga bai sake ɗora diga a tudun nan ba, tsoron abin da zai gani yake yi, ko abin da ba zai gani ba. Kabarin ya zauna shi kaɗai a can sama. Abin da ke cin tsohon a rai ba ɓoyayye ba ne a wurinsa: ya yarda an hana ɗansa abin da aka ba kowa, har da mutanen da ya san sun fi shi mugunta, kuma da hannunsa ya tono shaidar. Tun daga lokacin, duk ranar da diga ta ce cas a cikin kabarin wani, da rana tsaka, sai ya ji ɗan fiton nan siriri daga wajen tudu. Yakan tsaya da sara. Ƙato ya ce, me ya faru? Ya ce bayansa ne ya riƙe. Ƙato ya san ba baya ba ne, amma bai taɓa matsawa ba.

Ana nan sai wata mata ta zo garin da farar mota mai buɗaɗɗen baya da ma'aikata biyu. Dakta ake ce mata, ko da yake ba ta duba marasa lafiya, ƙasa take dubawa. Suna yawo cikin gonaki da wani dogon bututun ƙarfe, su kafa shi, su murɗa, su zaro, ta tsuguna tana aunawa tana rubutu.

“Yaya, an zo ƙwace mana sana'a,” in ji Ƙato, yana leƙe ta saman katanga. “Sai dai kabarin nata na tsutsa ne. Ko ni ba zan shiga ba.”

“Kai za ka shiga, har da sauran wuri,” in ji Mai Diga.

Wata safiya suna haƙa wa wani tsohon kafinta, sun kai ga yashi ke nan, sai suka ji sallama daga bayan katanga. Dakta ce, ta tsaya daga waje, ta ja gyalenta ta rufe kai. Ba za ta wuce sa'ar Sifana ba da yana raye.

“Baba, sannunku da aiki. Allah ya jiƙan mai wurin. Don Allah wancan farin da ke kan tarin ƙasar, daga cikin ramin ya fito?”

“Daga ciki, 'yata.”

“Zan iya gani?”

Bai so ba. Yashin nan na iyalan mamaci ne, ba na 'yan kallo ba. Amma ta yi tambayar da ladabi, sai ya ɗebo kaɗan ya miƙa mata ta saman katanga. Ta baza shi a tafin hannu, ta ciro wani ɗan gilashi mai ƙara girman abu, ta kara a ido. Ta daɗe a haka. Da ta ɗago, fuskarta ba ta yi kama da ta wanda ya sami abin da yake nema ya ji daɗi ba.

“Har nan ya zo,” ta ce, kamar da kanta take magana.

“Wa ya zo?”

“Teku, Baba.”

Mai Diga ya ji ransa ya ɓaci. Ya nuna mata da bakin shebur. “Teku yana can, 'yata. Tun ina yaro yana can, tun kakana yana can. Mun ga iska, mun ga ambaliya, mafi munin da aka yi layin farko ya shiga, ya cinye shaguna huɗu ya koma. Wannan kuwa shimfiɗa ce.”

Ba ta yi masa gardama ba. Ta ce idan sun gama jana'iza za ta jira su a inuwar ƙofa. Ta kuwa jira, har rana ta take. Suka zauna su uku a kan benci, ita a can gefe, ta ɗauki tsinke tana zane a ƙasa.

Ta ce akwai ruwan da iska ke turowa, wannan sun san shi, saman teku kawai yake motsawa. Akwai kuma wani daban. Can nesa a ƙarƙashin teku ƙasa kan tsage, wani sashe ya ɗaga sama farat ɗaya, sai ya ɗaga duk ruwan da ke kansa, tun daga ƙasa har sama. A tsakiyar teku ba ya wani tsayi, mai kwalekwale zai iya haye shi bai sani ba, amma gudunsa na jirgin sama ne. Idan ya iso inda ruwa ba zurfi sai gabansa ya rage gudu, bayansa ya taho ya hau kansa, ya taru ya yi tsayi. Ba ya fashewa ya koma kamar igiyar da aka saba. Shigowa yake yi ya yi ta shigowa, ya kwashi yashin gaɓa ya shimfiɗa a kan gari. Sunansa tsunami.

“Ko sunan ma ba na alheri ba ne,” in ji Ƙato. Ba wanda ya yi dariya, har shi.

“To me ya sa ba mu taɓa jin labari ba?” in ji Mai Diga.

“Ganyen da na samu a ƙarƙashin yashin, an auna shi, ya kai shekara ɗari biyar zuwa ɗari shida. Ƙasar da kuke haƙawa kafin ku kai gare shi, duk bayan nan ta taru.” Ta ajiye tsinken. “Kuma wataƙila waɗanda za su ba da labarin ba su yi saura da yawa ba. A gonar da ke bayan makaranta mun buɗe rami, muka tarar da duwatsun murhu uku a ƙarƙashin yashin, da toka, da fasasshiyar tukunya. Girki ake yi.”

Mai Diga ya dubi hannuwansa. Shekara arba'in yana kwantar da mutane a kan abin nan yana jin sanyi a ransa, yana kai wa uwaye a gida. Ashe abin da ya rufe wasu ne da ransu, da tukunyarsu a kan wuta. 

Dakta ta buɗe littafinta. Ta ce abin da take nema shi ne iyakar inda yashin ya tsaya, domin a san inda za a ce wa mutane su gudu idan ya sake zuwa. Ita ba za ta kafa ƙarfe a maƙabarta ba, amma su sun haƙa ko'ina a cikinta. Ko zai iya tuna kaurin yashin daga wuri zuwa wuri?

Tuna kuma? Mutumin da ya san kabarin kowa kamar ɗakunan gidansa. Ya fara jerowa ba tare da ya yi niyya ba. Nan bakin ƙofa taƙi guda ne cif, ƙasansa da tsakuwa-tsakuwa, samansa laushi kamar gari. Layin da aka binne mai gidan burodi da 'yan'uwansa, yatsa huɗu. Wajen famfo, yatsa biyu. Daga nan sai ya yi ta sirancewa, har a gindin tudu, inda aka sa ungozoma, sai ka lura sosai za ka gan shi, kamar zare.

Tana ta rubutawa da sauri. “Baba, abin da ke kanka ya fi aikin da na yi wata biyu. A saman tudun fa?”

Ƙato ya sunkuyar da kai, ya shiga gyaran igiyar takalminsa wadda ba abin da ya same ta.

“Babu,” in ji Mai Diga.

“Sau nawa kuka haƙa a can?”

“Sau ɗaya.”

“Ai ko sau ɗari za ku haƙa ba za ku samu ba,” ta ce, idonta na kan littafi, tana jan layi. “Yashin bai hau can ba. Ko wa aka binne a wurin, baƙar ƙasa ce da ja.”

Ta faɗe shi ne kamar mai faɗin ƙarfe nawa. Ba ta san abin da ta taɓa ba. Mai Diga ya miƙe, ya ce zai je ya ɗauko shebur, alhali shebur na jingine a gwiwarsa. Ya shiga maƙabarta, ya tsaya a bayan ƙofa, ya dafa katanga yana kallon tudun.

Bai yarda nan take ba. Abin da mutum ya riƙe shekara tara ba ya sakinsa don wata yarinya mai gilashi ta yi zane da tsinke. Yana so ya yarda, kuma son da yake yi ɗin shi ne ya sa yake zargin kansa. Amma akwai yashi guda a duniya da shi kaɗai ya san inda ya fito. Washegari da hantsi, da Inna ta fita kai ɗinkin wata amarya, ya buɗe gwangwanin a karo na farko tun ranar da aka rufe shi. Ya ɗebi ɗan kaɗan da yatsa biyu, ya ƙulle a takarda, yana jin kansa kamar ɓarawo a ɗakinsa.

Makaranta na hutu, an ba Dakta aji ɗaya tana aiki. An haɗa tebura, an jera dogayen robobi cike da ƙasa, kowace da lamba, allo kuma har yanzu da lissafin yara a jiki. Ya miƙa mata ƙullin bai ce daga ina ba. Ta zuba a ɗan faranti, ta sa a ƙarƙashin na'urar da ake leƙawa, ta ajiye na kabarin kafinta a gefe. Ta leƙa wannan, ta leƙa wancan.

“Iri ɗaya ne,” ta ce. “Wurinsu ɗaya. Zo ka gani, Baba.”

Ya kara ido, da ƙyar ya gano yadda ake kallo. Sai ga ƙwayoyin yashi sun zama manya kamar duwatsu, a tsakaninsu kuma wasu 'yan mitsi-mitsin ɓawo masu murɗe irin na katantanwa. Ta ce halittu ne da ba sa rayuwa sai a ruwan gishiri. Suna cikin na kafinta. Suna cikin na gwangwani.

“Wannan daga wane kabari ne?” ta tambaya, ta ɗauki biro.

“Ba daga kabari ba ne. Da hannuna na ɗebo shi a cikin teku.”

Ta ajiye biron. Ta dube shi, kuma Allah ya yi mata hankali, ba ta tambayi dalili ba. Sai ta ce masa akwai taro ranar Asabar, kuma ita in ta yi magana mutane hamma suke yi. Makarantar nan, asibiti, layukan nan uku, duk a kan farin yashin suke zaune. Abin da take so su riƙe kaɗan ne. Idan ƙasa ta girgiza ta daɗe, ko teku ya ja da baya ya bar kifi a fili, ko aka ji ruri kamar manyan motoci sun taho, kada a tsaya kallo, kada a je tsintar kifi, kada a koma ɗauko kaya. A hau tudu, a wuce shi ma, domin ruwa yakan zarce inda yashi ya tsaya. Kuma kada a sauko don na farko ya koma, na biyu kan fi shi.

“Kusan kowane gida akwai yashin nan a ajiye, Baba. Idan kai ka ce musu teku ne ya kawo shi, za su ji.”

“Kin san abin da kike so in karɓe musu?”

“Ma'aikatana sun faɗa mini jiya. Ban sani ba lokacin da na tambaye ka. Ka yi haƙuri.”

“Zan zo,” ya ce. “Amma akwai wadda zan fara faɗa wa.”

Bayan la'asar ya shiga ɗaki. Inna na kan keke, tabarau a kan hanci, tana haɗa hannun wata rigar makaranta. Hasken taga ya faɗo kan teburin, kan almakashi da alli da gwangwanin. Ya zauna a bakin gado. 

“Ke, ina da magana.”

“Ina jin ka, Malam.” Ba ta tsayar da ƙafa ba.

Ya fara da mai sauƙin. Ya ba ta labarin Dakta, da ƙasar da ke tsagewa, da murhun da aka tarar, da yadda yashi ke sirancewa har ya ƙare a gindin tudu. Ya ce ko waliyyi aka binne a can sama, baƙar ƙasa ce da ja. Keken ya rage gudu. Sannan ya faɗi ɗaya maganar.

“Wanda ke cikin gwangwanin nan ba daga kabarinsa ya fito ba. Ban samu komai ba ran nan. Na haƙa har wuya. Teku na je na ɗebo, na kawo miki. Shekara tara ina kallon ki kina goge gwangwanin nan, na kasa faɗa. Ki yafe mini.”

Keken ya tsaya. Ta cire tabarau, ta ninke, ta ajiye a kan rigar.

“Malam, wa ya wanke wandon da ka sa ran nan?”

Ba ta jira amsarsa ba.

“Ni na wanke. Da ya bushe gishiri ya yi masa fari har gwiwa. A maƙabarta akwai gishiri ne?” Muryarta ba ta tashi ba. “Kuma kafin a yi kwana bakwai mata sun kawo mini labarin tarin ƙasa, kowace da irin tausayinta. Na sani tun ranar.”

“To don me kika ajiye?”

“Na ga ka rasa ɗa. Ban so ka rasa ƙaryar ma, ita kaɗai ta rage maka da za ka ba ni.”

Nan ne tsohon ya fashe da kuka, irin kukan da bai yi ba ranar da ya fito daga ramin. Inna ba ta hana shi ba. Ita idonta a bushe yake, tana kallon taga.

“Ba ranar da ban zauna a kan keken nan na tambayi kaina ba,” ta ce. “A ina na kuskure da yaron nan? Duka ne ya yi yawa, ko kaɗan ya yi? Ko bakina ne, ranar da ya zo a buge na ce masa abin da na ce? In keken ya yi ƙara sai in ji kamar zai shigo ya zauna a ƙasa. Sai in tuna an ce ko shimfiɗa ba a yi masa ba.” Ta juyo. “Ka tabbata, Malam? Ba wata ƙaryar ka sake ɗebo mini ba?”

“Da idona na gani. Wallahi wannan karon da idona.”

Ta gyaɗa kai a hankali. Can sai ta ce, “To na Auta fa?”

Auta ita ce 'yarsu da ta rasu tana wata bakwai, shekaru da yawa kafin rasuwar Sifana. Yashinta fari ne tas, taƙi guda, kuma shi ne ya riƙe Inna a lokacin. Mai Diga ya so ƙasa ta buɗe ya shige. Amma ya riga ya gama da ƙarya.

“Shi ma teku ne.”

Ta dubi gwangwanin. A waje wani mai tura baro ya wuce yana kiran a ba shi hanya.

“Wato mun koma ba mu san komai ba,” ta ce. “Ita da shi duka.”

“Ba mu sani ba. Sai addu'a, kamar kowa.”

“Hakan ya fi mini sauƙi.” Sai a lokacin hawaye ya gangaro mata. Ta ɗauki gwangwanin, ta goge murfinsa da gefen zane kamar yadda ta saba, ta miƙa masa. “Ka je da shi taron, ka nuna musu, ka faɗi inda ka ɗebo shi. In kun gama ka mayar wa teku abinsa, ina bukatar gwangwanina.” Ta mayar da tabarau, ta kama rigar, amma ba ta taka keken ba. “Kuma in lokacina ya yi, a sama za ka haƙa mini. Yaron nan ya daɗe shi kaɗai.”

An yi taron. Wasu sun yi kuka, wasu sun zage shi, wata tsohuwa ta ce ita nata yashin ba na teku ba ne ko me gilashi zai ce, kuma ba wanda ya yi mata musu. Liman dai bai ce ai na faɗa muku ba, ko da yake an ga bakinsa na motsi. Bayan wata guda aka kakkafa alluna masu kibiya tun daga layin farko, suka bi ta gefen makaranta, suka hau ta jikin katangar maƙabarta, suka wuce tudun zuwa gaba.

Rasuwar farko da aka yi bayan nan ta wani mai gyaran raga ce, kuma 'ya'yansa suka ce duk inda Baba ya ga dama. Mai Diga ya saɓa diga ya nufi sama, Ƙato na biye da shi yana haki. Ya tsaya a gefen kabarin Sifana, ya auna faɗin mutum ɗaya da ƙafa, ya bar shi, ya ja layi a gaba da shi.

“Wannan filin fa, Yaya?”

“Da mai shi.”

Ya sara. Ya kai gwiwa, ya kai ƙugu, diga ba ta canza murya ba. Ya tsaya ya kasa kunne, kamar yadda ya saba. Ba fito. Sai wani abu can ƙasa-ƙasa, yana zuwa yana komawa, wanda bai taɓa lura da shi ba don bai taɓa tsayawa a nan hankalinsa kwance ba. Ashe daga saman tudun ana jin teku. Ya ɗan saurara, sannan ya ce wa Ƙato ya miƙo shebur.